Muryar da Matan Dimashƙa Suka Tsana

"Sake," in ji Madam Nuhad. "Wannan ba dariyar macen da ta kashe surukinta ba ce. Dariyar 'yar makaranta ce da aka ba alewa."

Ruba ta gyara abin sauraron da ke kunnenta, ta dubi allo. Baturkiyar da ke ciki ta koma baya da sauri, ta tsaya, ta sake buɗe baki. Ruba ta ja numfashi, ta saki dariyar daga can ƙasan ciki, irin dariyar da ke sa mata a unguwanni su jefi talabijin da silifas. Ɗakin ɗan ƙarami ne, an liƙe bangonsa da soso, ko tagar shan iska babu, daga ita sai makirfo sai gumi. A bayan gilashi Madam Nuhad ce zaune, mai ba da umarni, da sigarin da ba ta kunna ba a tsakanin yatsu. Gefenta kuma Nawras ne, injiniyan sauti, ya sunkuyar da kai kan na'ura kamar bai san kowa a duniya ba.

"Yauwa, haka nake so," in ji Madam Nuhad. "Allah ya shirye ki, har tsigar jikina ta tashi. Bari in je in hura wannan in dawo."

Aikinsu ke nan a wannan sutudiyo da ke unguwar Mazza a birnin Dimashƙa. A kawo fim mai dogon zango daga Turkiyya, a cire masa harshe, a ɗora masa na mutanen Sham. Kuma a je a tambaya, tun daga unguwar Bab Tuma har gangaren dutsen Ƙasiyun, babu muryar da aka sani a bana kamar ta Nariman, muguwar matar da ta sauya wa surukinta tsoho ƙwayar magani har ya mutu, ta kuma raba jariri da uwarsa. Fuskar ta Baturkiya ce, muryar ta Ruba ce. Ba aro ta yi ba, ba kuma ƙirƙira ta yi ba. Da ita aka haife ta, murya mai kauri da ɗan kaushi a ƙasa. A makaranta yara "Baffa Ruba" suke ce mata. Da ta je neman aiki a wani gidan rediyo, mutumin ya ce ta gwada tallan tukunyar gas. Sai Madam Nuhad, da ta ji ta sau ɗaya ta ce, "Ke, ina kika ɓuya duk shekarun nan?"

Ƙofa na rufuwa Nawras ya danna maɓallin magana, muryarsa ta shigo mata kunne a hankali.

"Malama Ruba, yau ma ba ki karya ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Cikinki. Tun safe nake goge kukansa daga cikin aikin mutane."

Ta so ta yi murmushi, abin ya ƙi. Haka soyayyarsu ta faro, ta cikin wannan waya. Mutumin da aikinsa shi ne ya saurari numfashinki ya tsince wanda ya yi yawa, ba ya daɗewa bai san ranar da kika yi kuka da ranar da kika yi faɗa da uwarki ba. Hannunta bai taɓa riƙewa ba, amma ya san ta fiye da waɗanda suka haife ta.

"Bayan la'asar Mama za ta iso," ya ce. "Kin tuna yadda muka yi?"

"In yi shiru."

"Ban ce ki yi shiru ba. Na ce ki taƙaita. Eh, Inna. A'a, Inna. Ki siranta muryar kaɗan, kin iya ai."

A Sham saurayi ba ya fara zuwa da ƙafarsa. Uwarsa ce ke zuwa ta ga yarinya, ta sha gahawa, ta duba abin da za ta duba, ta tafi. In ta ce a'a, magana ta mutu a nan, ba a ma binne ta. Uwarsa kuwa, Ummu Nawras, macen Midan ce ta ainihi, tsohuwar unguwar nan mai riƙo da al'ada. Mijinta ya tafi a shekarun yaƙin nan da suka cinye mazajen garin, ta riƙe ɗanta ɗaya tilo da keken ɗinki, ta hana shi bin teku zuwa ƙasar waje lokacin da kowa ke bi. Ta rantse 'yar fim ba za ta taka mata daɓe ba. Amma duk dare, batirin da ya kamata a kunna fitila da shi, talabijin take kunnawa don ta ga Nariman ta tsine mata. Nawras ya gaya mata Ruba tana sashen fassara ne, rubutu kawai take bugawa.

"Yau ɗaya ce," ya ce. "Fim ɗin ya kusa ƙarewa. Ko su kashe ta ko su ɗaure ta. Kafin biki kowa ya manta da wata Nariman, sai in zaunar da Mama in gaya mata a hankali."

Madam Nuhad ta dawo da warin hayaƙi da waya a hannu, fuskarta kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Ruba, tashi ki sumbaci kaina. Turkawa sun fasa kashe ki. Kashi na biyu yana nan tafe, ya ma fi wannan tsawo, kuma tashar ta ce in ba muryarki ba, ba sa so. Wannan karon har sunanki za a rubuta a allo."

Abin da Ruba take roƙon Allah ke nan tun ranar da ta fara shiga ɗakin sosan nan. Ta dubi Nawras ta cikin gilashi. Shi kuma ya sami wani maɓalli da yake buƙatar gyara.

"Ke, ba ki ji ba ne? Ko godiya ba ki iya ba?"

"Na gode, Madam. Allah ya bar mana ke."

"To, saura guri ɗaya a tashi. Inda aka ƙwace mata yaron da ta sace, take ihu a tsakar gida. Ina son ihun da zai fasa min gilashin nan."

"Madam, ba za a bar shi sai gobe ba? Ina da baƙi yau."

"Baƙinki ne za su zuba min mai a janareto? Yau za a tura aikin nan. In maƙogwaronki ya tsage, ki sha zuma."

Ta yi ihun. Madam Nuhad ta ce a sake, bakinta ya riga na Baturkiyar. Ta sake. Aka ce a ƙara kuka a ƙarshe. Kafin a ce ya yi, ɗan laushin da ya rage mata a murya ya tafi, sai kaushin zalla. Da ta ce "sai gobe" a bakin ƙofa, ita kanta sai da ta ji kamar Nariman ce ke yi wa mutane barazana.

Nawras ya tare ta a kan matakala da mana'ish, gurasar nan mai barbaɗen kayan ƙanshi na za'atar, a nannaɗe cikin takarda, da zafinsa.

"Ki ci a mota."

"In ta gane fa?"

"Ba za ta gane ba. Talabijin ɗinmu tsohuwa ce, tana ƙara wa murya ƙara."

"Nawras, tambayarka nake yi. In ta gane, ta ce ko ni ko aikin, me za ka ce mata?"

Ya dubi takalminsa. Namiji ne mai kirki, kowa ya shaida, amma a gaban uwarsa har gobe ɗan yaye ne.

"Zan tsaya a gaban kantin maganin da ke tsallaken gidanku," ya ce. "Ina nan har ta fito."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita ke gare ni yanzu."

A tashar sarbis, ƙananan bas ɗin nan farare, mutane sun yi dafifi. Wanda bai taɓa shiga sarbis ɗin Ruknuddin, unguwar su Ruba, da azahar ba, kada ya ce ya san wahala. Mu mutanen garin nan da gwiwar hannu muke shiga, mu fito da mutuncinmu. Ruba ta kutsa, ta sami rabin kujera kusa da wasu mata biyu da buhun kabewa a cinya. Ba su yi nisa ba ɗayar ta soma.

"Kin ga abin da tsinanniyar ta yi jiya?"

"Na gani. Ni ba fuskar ce ke ba ni haushi ba, muryar ce. Da na ji ta sai jinina ya hau."

"Ai mai wannan murya ba za ta yi imani ba ko a gidansu. Ba a koyon irin wannan, daga zuciya take fitowa."

"Allah ya tsare 'ya'yanmu maza."

Da can irin wannan hira daɗi take yi wa Ruba, har ta kai wa Nawras labari su yi dariya. Yau kuwa tsoro take kada su ji muryarta. Da za ta sauka ba ta iya cewa direba ya tsaya ba, sai ta buga rufin motar da hannu kamar bebiya.

Gidansu a hawa na huɗu yake, lif kuwa ya mutu tun kafin ƙaninta Hazim ya yi gemu ya bar ƙasar zuwa Arbil. Ta tarar da uwarta, Ummu Hazim, ta wanke falo har da bango, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai ran salla, ta yaye zanen da ke rufe kujeru. Babu wuta, sai hasken taga.

"Sannu da aiki, Mama."

Ummu Hazim ta saki tsumman da ke hannunta. "Me ya sami muryarki? Yau, a duk ranakun Allah?"

"Ihu aka sa ni."

"Ihu. Ai shi ke nan." Ta zauna a hannun kujera, ta miƙe, ta sake zama. "Za mu ce mura kike yi. A'a, kada mu ce mura, za ta ce mai ciwon ƙirji ce, matan Midan ba abin da ba sa ƙirgawa. Za mu ce kunya. Ke dai ki sunkuyar da kai, ni zan yi surutun mutum biyu. Ki sa rigar nan ruwan toka. Ki saki gashinki, kada ta ce ɓoye wani abu muke yi."

Ruba ta kurkure wuya da ruwan gishiri, ta sha shayin yansun mai zafi da zuma, ta shiga banɗaki ta tsaya gaban madubi tana gwada siririyar murya. "Sannu da zuwa, Inna." Ta fito kamar kukan ƙofa. Ta sake. Ta yi muryar yara a fina-finan zane, ta yi ta tsohuwa, ta yi ta kyanwa ma, amma muryar yarinyar kirki da uwar miji za ta so, wannan ba a taɓa ba ta ita ba. Ta dafa bakin famfo ta ce, ya Allah, sa'a ɗaya kawai, ka ara min muryar wata.

Bayan la'asar aka buga ƙofa. Ummu Nawras ta shigo tana haki, gajeriya mai jiki, da doguwar riga baƙa mai maɓallai har ƙasa da farin mayafi an ɗaure tam a haɓa. Ta tsaya sai da numfashinta ya dawo, idonta kuwa bai huta ba, ya zaga silin, ya zaga ƙasan kujeru.

"Hawa huɗu," ta ce. "Masu wannan gida ba sa son baƙi."

"Kin haskaka mana gida, Ummu Nawras. Wallahi da mun sani da a bayana zan goyo ki."

Aka zauna, aka tambayi lafiya, aka zagi wuta, aka gano cewa wata ƙanwar kakar wannan ta taɓa zama maƙwabciyar surukar waccan a Shagur. Sannan Ruba ta shigo da tire. Ta fara miƙa ruwa, sannan gahawa, ta rusuna daidai yadda ake so, kumfar kofin ba ta motsa ba. Ummu Nawras ta dubi hannuwan, ta dubi tafiyar, ta dubi gashin. Ta kurɓa.

"Gahawar ta yi. Ke kika dafa, 'yata?"

Ruba ta gyaɗa kai.

"Ita ce, ita ce," in ji Ummu Hazim. "Ai ni tun da ta girma ban ƙara ɗora tukunya ba. Ki ci yabraƙ ɗinta, ganyen inabin nan da take naɗewa da shinkafa, kowane ɗaya kamar ɗan yatsan jariri."

"Ɗana ya ce rubutu kike bugawa a wurin aikinsu. Ba wahala?"

Ruba ta girgiza kai, ta yi murmushi.

"Kina ganin 'yan fim ɗin nan suna shiga suna fita?"

"Ina za ta gan su?" in ji Ummu Hazim. "Ofishinta can baya yake. Daga gida sai aiki, daga aiki sai gida."

Ummu Nawras ta ajiye kofi a hankali. "Ummu Hazim, ke nake nema wa ɗana ko 'yarki?"

"Kunya ce da ita, wallahi. Haka take tun tana ƙarama."

"Kunya ado ce. Amma na taɓa zuwa wani gida a Muhajirin, yarinya kamar wata, ita ma kunya. Sai bayan an karanta Fatiha aka gane in ta fara kalma da safe sai azahar take ƙarasa ta." Ta buɗe jakarta, ta lalubo wani ɗan kwalin magani, ta zaro takardar da ke ciki. "Kin ga na manta tabarau. Likita ya sauya min na hawan jini, ban san yadda ake shansa ba. Karanta min, 'yata, Allah ya yi miki albarka."

Tabarau ɗin yana nan a cikin jakar, Ruba tana hango ƙafarsa. Ta karɓi takardar. Ta dubi uwarta, uwar ta dubi silin tana motsa leɓe.

Ta ɗaga muryar can sama, ta matse ta. "Ana shan ƙwaya ɗaya..." Ta fito siririya, tana rawa, amma ta fito. "Ƙwaya ɗaya da safe, bayan..." A nan maƙogwaron da aka tsaga da ihu ya ce ya gaji. Muryar ta karye, ta yi tari, da ta sake buɗe baki sai ga ta nan ta faɗo gidanta na asali, mai kauri, mai sanyi, a nutse. "Bayan an ci abinci. Kada a haɗa shi da wani magani ba da sanin likita ba, domin yana iya tsayar da zuciya."

Ummu Nawras ta ɗan karkata kai kamar mai jin kiran salla daga nesa. Sannan idonta ya buɗe. Ta miƙa hannu ta fizge kwalin maganin daga hannun Ruba, ta cusa a jaka, ta ja zif, ta rungume jakar a ƙirji. Ta dubi kofin gahawar da ta sha rabi.

"A'uzu billahi," ta ce a hankali. "Ke ce."

"Kama ce kawai," in ji Ummu Hazim. "Kowa faɗa yake yi, har a kasuwa. Mura ce ta..."

"Yi shiru, Ummu Hazim. Wata da watanni matar nan tana kwana a ɗakina. Ko a kabari na ji ta zan gane ta." Ta juyo. "Ke kika kashe tsohon nan."

Ruba ta ɗago ta dube ta. Ta yi tunanin Nawras a ƙasa, gaban kantin magani, yana duban tagarsu. Tana iya rantsuwa. Tana iya fashewa da kuka, kukan ma ta iya shi iri-iri. Sai dai ta gaji, tun safe take aron bakin wasu.

"Ni ce, Inna," ta ce. "Tsohon yana nan da ransa a Istanbul, an ce ma tallan man zaitun yake yi. Amma muryar tawa ce."

"Har da ba'a."

"Ba ba'a ba ce. Ban san yadda zan faɗa ba ne."

"Ɗana ya dube ni ido cikin ido ya ce rubutu kike bugawa. Yaron da bai taɓa ɓoye min ko tsinken ashana ba. Ba ki shigo ba tukuna kin koya masa ƙarya."

"Tsoronki yake ji. Ni ma tsoronki nake ji. Tun jiya ban ci abin kirki ba."

"Kuma so kike ya farka kullum da asuba ya ji wannan a kunnensa? Jikokina su ji wannan tana yi musu waƙar barci?"

"Shi ai tun safe har yamma ita ce a kunnensa, Inna. Ya ji ta tana zagi, ya ji ta tana ihu, ya ji ta ranar da aka ce ƙanina ya tafi. Bai ga fuskata sosai ba sai daga baya. Ita ya fara so."

Ummu Nawras ta yi tsaki. Ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa. Da ta ɗago, da Ummu Hazim ta yi magana, kamar Ruba ba ta wurin.

"Gidanku gidan mutunci ne, na gani. Yarinya tana da tsabta, gahawarta ta yi. Ni ba azzaluma ba ce. Ta bar wannan aiki, ta zauna a ɗakinta, a hankali mutane su manta. Ba zan shiga taron mata a Midan a ce ga uwar mijin Nariman ba."

"Za ta bari," in ji Ummu Hazim da sauri, har tana tuntuɓe da kalmomi. "Gobe ma. Ai dama wucin gadi ne, don ta rage zaman banza. Ruba, gaya mata za ki bari."

Duka biyun suka zuba mata ido. Ga shi nan an miƙo mata, Nawras ɗungurungum, da kalma ɗaya. Ta buɗe baki za ta faɗe ta. Ta tuna ɗakin soso, da jan fitilar da ke kunnuwa in an fara ɗauka, da yadda a duk faɗin garin nan wuri ɗaya ne tak da ba a taɓa ce mata ta rage murya ba. Hawaye suka zubo mata, na gaske, marasa kyan gani.

"Ba zan iya ba, Inna," ta ce. "Ina son ɗanki, Allah ya sani, ban taɓa faɗa a gaban kowa ba sai yau. In kin hana ni shi ban san yadda zan yi in shiga wurin aikin nan gobe in gan shi ba. Amma zan shiga. In na ce miki zan bari, ƙarya ta biyu ke nan."

Ummu Hazim ta rufe fuska da tafin hannu. Ummu Nawras ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Gahawarku ta dawwama," ta ce, yadda ake faɗa a kowane gida, ko an dace ko ba a dace ba.

Da aka buɗe ƙofa matakalar ta yi duhu, rana ta riga ta faɗa bayan dutse, ga ba wuta. Ummu Nawras ta tsaya a bakin matakin farko tana laluben ƙarfe. Ruba ta share fuska, ta kunna fitilar waya, ta zo ta miƙa mata hannu. Tsohuwar ta dubi hannun kamar za a ba ta maciji. Sannan ta dubi duhun. Ta kama.

Suka fara sauka, mataki ɗaya, hutu ɗaya. Hakin tsohuwar da ƙarar gwiwoyinta suka cika matakalar. Nauyinta duka yana kan hannun Ruba. Sun wuce hawa na uku, sun kusa na biyu, sai Ummu Nawras ta tsaya. Ta waiga sama, ta leƙa ƙasa, ta rage murya.

"Yaron nan. Ana mayar wa uwarsa da shi?"

"Ban sani ba, Inna."

"Kar ki raina min hankali. Ke kika sace shi."

"Wallahi ban sani ba. Gurin da nake magana kawai ake nuna min. Sauran ni ma a talabijin nake gani, kamar kowa."

"Wato kina zuba muguntar nan ba ki ma san inda za ta kai ki ba."

"Haka ne."

"Allah ya kyauta," in ji Ummu Nawras, suka ci gaba.

A ƙasa, ta cikin ƙofar gidan, ana hango titi da ɗan sauran haske. Ga Nawras can tsallake, gaban kantin magani, yana karanta tallan man goge baki kamar zai yi jarrabawa a kai. Ruba ta kashe fitilar, ta sassauta hannu don tsohuwar ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ta juyo, ta kama fuskar Ruba da hannu biyu, ta jawo ta ƙasa, ta sumbace ta a kumatun dama, ta sumbace ta a na hagu, can kusa da baki, ta ɗan daɗe a wurin tana jan numfashi ta hanci. Duk yarinyar da ta tashi a Dimashƙa ta san wannan sumba. Ba ta ƙauna ba ce, shinshina ce, a ji ko bakin yarinya yana wari. Kuma ba a ɓata ta a kan wadda aka riga aka ƙi.

Ta sake ta, ta goge leɓe da gefen mayafi.

"Hm. Ba sigari ba ne ashe. Na ɗauka shi ya ƙona miki wuya."

"Haka aka haife ni, Inna."

"To, wannan kuma ba laifin kowa ba ne." Ta gyara jakar a hammata. "Ban ce komai ba, kin ji? Kar ki je ki ce wa uwarki na ce wani abu."

Ta fita, ta tsallaka titi ba ta dubi mota ba, motocin ne suka dube ta. Nawras ya taho da sauri da tambaya cike da fuska, ya miƙa hannu zai karɓi jakar. Ta ɗaga ta ta maka masa a kafaɗa, ta sake maka masa, sannan ta saƙala hannunta a nasa. Ya waigo yana neman Ruba a cikin duhun ƙofar, uwar ta jawo shi gaba.

Ruba ta tsaya har suka sha kwana. Daga can sama muryar uwarta ta gangaro ta ramin matakala, a dashe da kuka, tana tambaya ko matar ta ce wani abu.

"Ba ta ce komai ba, Mama," in ji Ruba, da dukan muryarta, har matakalar ta amsa. "Ɗora min ruwan zafi, gobe da safe ina da ɗauka."